Kunne Ma Yana Tsufa: Yadda Son Kiɗa Ke Sauyawa Daga Ƙuruciya Zuwa Furfura a Bakin Iyakar Illela

Ranar Lahadi ce kasuwar Illela ke ci. Tun hantsi 'yan kabu-kabu ke jigilar mutane daga Garu da Kalmalo da Araba da sauran garuruwan kewaye. Wani shanu suka kawo shi kara, wani hatsi da albasa, wani canjin sefa. Akwai kuma rumfar da ba ta rabuwa da jama'a ko da ciniki ya yi sanyi, wato rumfar mai cajin waya da tura waƙoƙi.

Matashi ne zaune gaban kwamfuta, sifika na ƙugi a gefensa. In saurayi ɗan shekara 17 ya miƙo memori, ba sai an tambaye shi ba. Sababbin Hamisu Breaker yake so, da Ado Gwanja, da DJ AB, da duk kiɗan da ake jin dukansa a ƙirji. In magidanci ne, sai a yi masa gauraye: Nura M. Inuwa kaɗan, Aminu Ala kaɗan, wa'azi kaɗan.

In kuwa dattijo ne ya iso yana lalubo waya daga aljihun 'yar shara, yaron kan rage ƙarar sifika, ya ɗan russuna ya ce, "Baba, mi za a sa maka?" Amsar sananniya ce: karatun Alƙur'ani da tafsiri, in akwai sauran wuri a cike da Ɗanƙwairo ko Narambaɗa.

Da yawa cikin dattawan nan su ne samarin da shekaru 40 baya suke yawo da rakoda a kafaɗa, suma a tsefe, wando mai faɗin ƙafa, kiɗan Bob Marley na tashi har tsofaffin unguwa na kaɗa kai suna cewa zamani ya lalace. Yau su ke kaɗa wa jikokinsu kai. Me ya faru da kunnen nasu a tsakani?

Daga rakoda zuwa memori

Mutumin Garu da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Illela da kunne biyu ya tashi. Sakkwato na kudu, tafiyar kilomita 80 da ɗoriya ta Gwadabawa. Birnin Ƙwanni na arewa, 'yan kilomitoci kaɗan bayan shingen kwastan. Akwatin rediyo ɗaya kan kamo Rima Rediyo da Rediyon Kaduna, ya kuma kamo Muryar Sahel daga Yamai. Yaron da ya girma a nan ya ji Shata da Ɗan Anace, ya ji Ɗan Gurmu na Tawa da Malam Mamman Barka, bai taɓa ɗaukar ko ɗaya cikinsu baƙo ba.

Ci-rani ya ƙara buɗe ƙofa. Da an kai amfanin gona rumbu sai samari su bazu, wasu Legas da Ibadan, wasu Kumasi da Abijan, daga baya kuma Libiya. Gab da damina su dawo da rakoda mai cin batir da jaka cike da kasa-kasai. Ta nan rege ya shigo, na Bob Marley da Alpha Blondy da Lucky Dube. Ta nan aka san Michael Jackson. Waƙoƙin Indiya kuwa gidajen silima da na bidiyo suka raba su, har ya zama a shekarun 1980 da wuya a sami saurayin da bai san Mithun Chakraborty na fim ɗin Disco Dancer ba.

A shekarun 1990 finafinan Kano suka taso da kiɗan fiyano, abin da ake kira nanaye, kuma bayan fitowar Sangaya ba a sake waiwaya baya ba. A ƙetaren iyaka, matasan Yamai irin su Kaidan Gaskiya da Lakal Kaney da Wass Wong suka ɗauki salon gambarar zamani suna zuba shi da Hausa da Zabarmanci da Faransanci. Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, 'yan shekaru kaɗan bayan haka memori da bulutut suka yi wa kaset ritaya.

An rufe iyakar Illela daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. An sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sai a Maris na 2024 Najeriya ta buɗe. Shinkafa da man fetur da albasa duk sun ji a jikinsu. Waƙa kuwa ba ta taɓa tsayawa a shinge ba, domin a aljihu take tafiya.

Kiɗan masu zafin jini

A ƙasashen Turawa, in ana maganar kiɗan da iyaye suka fi ƙi, samari suka fi ƙauna, hebi metal ake fara ambata. Kiɗa ne na gitar lantarki mai gurnani, da ganguna masu saurin bugu, da mawaƙi mai ihu iya ƙarfinsa. A Bamingham ta Ingila, garin masana'antu, ya yi tsiro. Ƙungiyar Black Sabbath ta fitar da faifanta na farko a 1970. Mai kaɗa mata gita, Tony Iommi, inji ya datse masa kan yatsu biyu a masana'antar ƙarfe, ya riƙa sassauta tsirkiyar gitarsa don ya iya dannawa, kuma wannan na cikin abin da ya ba kiɗan amonsa mai nauyi.

Kiɗan ya zaga duniya. A Botsuwana yana da mabiya masu shigar baƙar fata, a Lome ta Togo akwai ƙungiyar Arka'n Asrafokor mai gwama shi da gangunan gargajiya. A ƙasar Hausa bai yi kasuwa ba. Amma ƙishin da yake kashe wa saurayi, muna da masu kashe shi tun kafin a san Black Sabbath.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe da kaka ya san abin da nake nufi. Kalangu na kuka, makaɗi na zuga, ɗan dambe na tsuma yana kirari, 'yan kallo jikinsu na ɓari. Haka Ɗan Anace na Gandi ya riƙa yi wa Shago. Haka Kassu Zurmi ya riƙa tayar da 'yan tauri da mafarauta har su zaro wuƙaƙe. Gambu na Fagada ya wuce nan ma, ɓarayi ya yi wa waƙa, mutanen kirki na tir, samari na sayen kaset a ɓoye. Waɗannan ba waƙoƙin kwantar da hankali ba ne. Mutuwa ce a cikinsu, da jini, da maƙabarta, da raina tsoro, irin abubuwan da ake zargin makaɗan metal da ambata.

Don haka dattijon da ke cewa kiɗan yaran yau hayaniya ce kawai, ya dace ya tuna abin da yake ji a jikinsa sa'ad da yake ɗan shekara 20 in an saki kalangun Ɗan Anace.

Gitar da ta bi ta Sakkwato

In ana neman gita mai ƙara a wannan yanki, ba sai an je nesa ba. Hanyar motar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Illela da Ƙwanni ita ce ke kaiwa Tawa da Abalak har Agadas, ƙasar makaɗan gita na Abzinawa. Daga can Bombino ya fito, wanda faifansa Deran na 2018 ya shiga takarar kyautar Grammy. Daga wannan yanki kuma Mdou Moctar ya fito, wanda tarihinsa ya fi kusa da mu.

Ɗan jihar Tawa ne, daga gidan da ba a son kiɗa. Gitarsa ta farko da hannunsa ya ƙera ta, da katako da wayar birkin keke. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da irin na'urar gyaran muryar da mawaƙan finafinan Hausa ke amfani da ita. Waƙoƙin suka riƙa yawo daga waya zuwa waya har Mali, inda wani Ba'amurke mai tattara waƙoƙin Sahel, Christopher Kirkley, ya ji ɗaya daga ciki ya shiga neman mai ita.

Yaron da ya fara da salon nanaye sai ga shi ya rikiɗe ya zama ɗaya daga cikin makaɗan gita mafiya zafi a duniya, ana kwatanta shi da Jimi Hendrix da Eddie Van Halen. Afrique Victime na 2021 da Funeral for Justice na 2024 faya-fayai ne masu amon tsawa, cike da fushi kan abin da mulkin mallaka da masu kwasar ma'adinai suka yi wa ƙasarsa. A farkon 2025 kuma, yana wajen shekara 40, ya fitar da Tears of Injustice: waƙoƙin dai su ne na faifan baya, amma an sassauta su, akasari da gitar katako, a natse. Saƙon bai sauya ba, murya ce ta sauka.

Abin da masu bincike suka gano

A 2013 masana halayyar ɗan Adam na Jami'ar Kambirij suka wallafa wani nazari da ya shafi mutum sama da dubu 250. Sun ga son kiɗa mai zafi, irin su metal, yana kai ƙololuwa a shekarun balaga, daga nan ya yi ta raguwa. A farkon girma mutum kan karkata ga waƙoƙin soyayya da na rawa, a tsakiyar rayuwa kuma ga kiɗa mai zurfi ko mai sauƙi marar hayaniya. Bayaninsu shi ne kowane mataki da buƙatarsa. Saurayi na neman ya bambanta da iyayensa, mai neman aure na neman kusanci, magidanci na neman natsuwa da mutunci.

Wani nazarin kuma, da jaridar New York Times ta buga a 2018 bisa bayanan manhajar Spotify, ya nuna waƙoƙin da mutum ya fi maƙalewa da su har girma su ne waɗanda suka fito yana wajen shekara 14 in namiji ne, 13 in mace ce. Sakamakon biyu ba su saɓa wa juna ba. Mutum na rage neman sabo, yana sassauta ƙara, amma abin da ya shige shi da ƙuruciya yana nan daram.

Jiki ma na da nasa rabo. Da shekaru sun ja, kunne kan fara rasa siraran sautuka, kuma raba murya da hayaniyar da ke bayanta ya zama aiki. In tsoho ya ce ba ya jin abin da mawaƙin ke faɗa, sau da yawa gaskiyarsa ke nan. Wannan ma abin lura ne ga samarin da ke kwana da iyafis a kunne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin matasa fiye da biliyan 1 na cikin haɗarin raunin ji saboda ƙure ƙara.

Sai dai akasarin waɗanda aka yi nazarin a kansu Turawa ne. A nan gida akwai wani dalili da ya fi waɗannan duka nauyi.

Girma ya kama

A farkon Yulin 2025 Black Sabbath ta yi wasanta na bankwana a filin Villa Park na Bamingham. Mawaƙinta Ozzy Osbourne, mai shekara 76, a zaune ya yi waƙa saboda ciwon da ya hana shi tsayuwa, kuma kafin watan ya ƙare ya rasu. Cikin dubban da suka cika filin akwai masu furfura da dama, sanye da baƙaƙen riguna irin na ƙuruciyarsu, wasu tare da 'ya'ya da jikoki. Babu wanda ya ga abin kunya.

A Garu hakan ba ta yiwuwa. Bahaushe ba shi kaɗai ke zaɓar wa kansa abin saurare ba, idon jama'a na tayawa. Ranar da aka ɗaura wa saurayi aure ya fara rage ƙara. Ranar da aka raɗa wa ɗansa na fari suna, ya bar majalisar samari, abin da 'yan Nijar ke kira fada, inda ake dafa shayi ana sakin kiɗa har tsakar dare. In 'yarsa ta isa zance, ya zama suruki, to an gama. Ba zai yiwu saurayin 'yarsa ya zo gaisuwa ya tarar da shi yana kaɗa kai da waƙar da shi ma yake ji ba. In ya sauke farali aka fara ce masa Alhaji, ko ƙarar kiran wayarsa sai ya sauya.

"Girma ya kama mu." "An bar wa yara." Kalmomin da ake faɗa ke nan, kuma duk wanda ya saurare su da kyau zai ji ba cewa ake an daina so ba. Cewa ake ba ya kamata a gan ka.

Shi ya sa a ganina ɗanɗanon magidancin Bahaushe hawa biyu ne. Akwai na fili, wanda ake sakawa a shago da mota in akwai fasinja: tafsiri, karatu, Ɗanƙwairo. Akwai na ɓoye, wanda direba ke kunnawa in ya sauke kowa ya kama hanyar Tawa shi kaɗai da dare, ko manomin albasa in yana ban-ruwa a fadama: tsohuwar waƙar Indiya, Lucky Dube, nanayen da aka yi masa tashe da ita lokacin neman uwargida. Ban ga laifin wannan ba. Kunya ce, kuma kunya ado ce. Amma kada mu ruɗi kanmu mu ce kunnen ya manta.

Komawa ga makaɗan fada kuwa ba dole ce kawai ke sa ta ba. Waƙar Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, ko ta Salihu Jankiɗi, ko ta Ɗanƙwairo da ya rasu a 1991, tana buƙatar mai sauraren da ya ga jiya ya ga yau. Habaici da zambo da salon magana a dunƙule ba sa buɗuwa ga ɗan shekara 15. Sai wanda ya sha hassadar ɗan'uba, ya ga mai mulki ya sauka, ya binne abokai, sannan zai gane inda makaɗin ya dosa. Mutum kan ji waƙa ɗaya shekara 30 yana bin kiɗan kotso kawai, sai rana ɗaya maganar ta faɗo masa.

Mata ma haka abin yake, sai dai nasu filin a cikin gida yake. Budurwar da ta haddace Umar M. Shareef, in ta zama uwar 'ya'ya ta shiga Islamiyya, waƙoƙin bege da na makaranta kan mamaye wayarta. Amma ranar biki, in aka kifa ƙwarya aka ɗauko salon Barmani Coge, tsofaffin ne ke fara miƙewa.

Malamai, iyaye da masu sana'a

Addini na tsakiyar wannan sauyi, musamman a ƙasar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da 'yarsa Nana Asma'u suka yi amfani da waƙa marar kiɗa wajen karantar da jama'a. Tun kafuwar Izala a 1978 da yaɗuwar kasa-kasan wa'azi, ra'ayin haramcin kayan kiɗa ya ƙara ƙarfi, kuma dawowar Shari'a a jihohin Arewa daga 1999 ta ƙara masa gindin zama. Ga masu wannan fahimta, barin kiɗa tuba ne, ba tsufa ba, kuma gara a yi shi da wuri. Sukan tunatar da cewa shekara 40 ita ce cikar hankali. Gambu kansa ya bayyana tubansa daga waƙar ɓarayi kafin rasuwarsa a 2016.

Mabiya ɗariƙu na da wata hanyar. Bandiri da bege sun ba mutum damar ya riƙe daɗin sauti ba tare da ya ji ya saɓa ba. A Kano har an yi ƙungiyoyin sha'irai, irin su Ushaƙu Indiya, da suka riƙa ɗaukar karin waƙoƙin finafinan Indiya suna ɗora yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Wasu malamai sun soki hakan, amma ya nuna yadda karin da ya shiga kunne da ƙuruciya ke neman hanyar zama ko da an sauya masa kalmomi.

Karatun Alƙur'ani kuwa ya zama matattarar kowa. Musabaƙar ƙasa da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta faro a 1986 ta haifar da mahaddata masu zaƙin murya, har ya zama mutane na da gwanayensu a ƙira'a, wannan na son Minshawi, wancan Sudais, wani Alaramma Ahmad Sulaiman.

Iyaye kukansu ɗaya ne: batsa da rashin ma'ana. Suna da hujja a wasu waƙoƙin, musamman waɗanda ake yi don rawar TikTok. Samari kuma na cewa ba a saurare su ba aka yanke hukunci, domin cikin mawaƙansu akwai masu maganar talauci da rashin tsaro da shaye-shaye. Masu tura waƙoƙi su ne suka fi kowa sanin gaskiyar lamarin, domin su ke ganin memorin kowa. Sun san da azumi tafsiri ke tafiya, bayan Salla kuma kasuwar waƙa ta dawo.

In bulala ce ta sauya shi

Duk abin da aka faɗa a sama sauyi ne da ke zuwa da kansa, a hankali, ta hanyar shekaru da kunya da wa'azin da mutum ya karɓa da zuciyarsa. Yanzu wani iri ya ɓullo a yankin nan wanda ya bambanta.

A ƙarshen 2024 hukumomin tsaro suka tabbatar da ɓullar 'yan ƙungiyar Lakurawa masu ɗauke da makamai a Tangaza da Gudu da maƙwabtansu na bakin iyaka. Kafofin labarai sun ruwaito mazauna na cewa mutanen kan binciki wayoyin matasa, su hukunta wanda suka samu da kiɗa. A gabas kuma, ƙasar Isa da Sabon Birni, mahaifar Narambaɗa, 'yan bindiga sun sa taron dare ya zama kasada a ƙauyuka da dama. Inda ba a kwana da ido biyu rufe, wa zai kira makaɗi?

Saurayin da aka fasa wa memori da bakin bindiga bai girma ba, tsoro ya ji. An ƙwace masa shekarun da ya kamata ya yi zafin jininsa ya huce da kansa, kamar yadda mahaifinsa ya yi. Makaɗan ƙauye kuma, masu kalangu da gurmi da kiɗan noma, in babu biki babu gayya sai su jingine kayan su tafi ci-rani, 'ya'yansu ba su gaje su ba.

Wa zai adana wa tsofaffin gobe?

Dattijon yau ya yi sa'a. Gidajen rediyo sun naɗi makaɗan zamaninsa, masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun bi su sun rubuta tarihinsu da matanin waƙoƙinsu, Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya yi littattafai kan Narambaɗa da Gambu. Duk da haka an yi asarar da yawa, kasa-kasai sun narke a rana, faya-fayai sun karye.

Waƙoƙin samarin yau sun fi waɗancan rauni. A memori suke, memori kuwa na lalacewa, waya na ɓata, kwamfutar mai turi na mutuwa da duk abin da ke cikinta. Manyan mawaƙa suna YouTube, amma ƙananan da suka yi tashe shekara ɗaya ko biyu a Sakkwato ko Ƙwanni ko Tawa, waɗanda aka yi bukukuwan gari da waƙoƙinsu, yawancinsu babu inda aka ajiye su. Anar ma don wani baƙo ya bi sawunsa ne duniya ta same shi.

Ɗan shekara 14 da ke Garu yau zai kai 50 wajen 2060, kuma in binciken masana ya yi daidai, waƙoƙin bana zai nema. Aikin adana su ya rataya a kan Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato, da sashen harsunan Najeriya na Jami'ar Ɗanfodiyo, da gidajen rediyon jiha. Hanya mafi sauƙi ita ce a bi rumfunan masu turi na kasuwanni irin ta Illela, a kwafi abin da ke cikin kwamfutocinsu, a rubuta sunan mawaƙi da gari da shekara, a haɗa da nanaye da gambarar zamani da gitar Abzinawa, ba makaɗan fada kaɗai ba.